Akwatin Ƙarshe na Gwaggo Mai Ashana

Ga Allah muke, gare Shi Gwaggo ta riga mu komawa, wata Laraba da hantsi, a ɗakinta da ke cikin garin Rano, bayan jinya ba mai tsawo ba. Yayar mahaifina ce. Ita ta yaye ni, a ɗakinta na yi wayo, daga hannunta aka kai ni ɗakin miji. Shi ya sa a zaman makoki ni aka zaunar a bakin ƙofa, kuma duk abin da aka faɗa a tsakar gidan nan a kunnena aka faɗe shi.

An zo, ba zan ce ba a zo ba. Daga Kibiya an zo, daga Nariya inda aka haife ta an ciko mota, matan Fulanin Saji sun zo da ƙwaryar nono suka ce a dama wa masu zama. Sai dai na lura da wani abu a addu'ar mutane. Kowa ya durƙusa sai ya ce, "Allah ya jiƙanta, Allah ya yafe mata." Wannan "ya yafe mata" ɗin da ƙarfi ake danna shi, har da girgiza kai. Wanda ake yi wa sauran tsofaffi kuwa, "halinta na gari ya bi ta," sai da na yi ta kasa kunne kafin na ji shi, shi ma daga bakin mace ɗaya, wadda ta zauna can gefen rijiya ta lulluɓe hannunta na dama da mayafi.

Ranar sadakar uku, da aka ci waina ciki ya ɗauka, sai baki ya buɗe.

"Allah sarki Mai Ashana," in ji wata tsohuwa daga cikin ƙawayenta. "Ranar jeren 'yata sai da ta sa ni kuka da hawaye."

"Ke kuka kawai kika yi," wata ta karɓe. "Ni saƙar da na yi wata guda ina yi ta fizge ta wurga tsakar gida, a gaban dangin ango."

"Ai 'yan kasuwa yau sun huta."

Aka yi dariya ƙasa-ƙasa irin ta gidan mutuwa, ana toshe baki da gefen hijabi. Na haɗiye. Wadda ban iya haɗiyewa ba ita ce ta matar Yaya. Yaya shi ne ɗan Gwaggo na fari, ɗaki ɗaya muka tashi, ban taɓa kiransa da wani suna ba. An sa ranar bikin babbar 'yarsa tun kafin Gwaggo ta kwanta, rasuwar ta sa aka ɗaga zuwa bayan arba'in. Matar Yaya ta karkata wajen ƙanwarta, a zatonta hankalina na wajen masu gaisuwa, ta ce, "Allah ya jiƙan Hajiya, amma yarinyar nan dai jere irin na mutane za a yi mata. Akwatin can ba zai shiga ɗakinta ba."

Na san akwatin da take nufi. Yana ƙarƙashin gadon Gwaggo a lokacin, na ƙarfe, da koren fenti, an zana masa furanni a murfi. Shi ne abu na ƙarshe da hannunta ya taɓa kafin ya daina riƙe komai. Ban tanka ba, don ƙasar kabarinta ba ta bushe ba. Amma raina ya ɓaci ƙwarai, kuma ɓacin ran nan ne ya zaunar da ni rubutu. Ba zan bari a binne matar nan sau biyu ba, a rufe ta da ƙasa sannan a rufe ta da dariya.

Gwaggo 'yar gidan maƙera ce. Kakanmu maƙeri ne, mahaifina ma har yau da ƙarfe yake ci, sai dai shi ya koma ƙirar adaka da bokiti da murhun gawayi. A gindin zuga-zugi ta yi rarrafe, takan ce hancinta na riga idonta ganin wuta. Amma ba da wannan aka fara saninta ba. Da jere aka san ta. In za a kai amarya, ita ake aiko wa ta je ta tsara ɗakin, ko kayan ba su taka kara sun karya ba sai ta jera kwalla da samira da tangaran yadda mai shiga zai riƙe baki. Har Rurum ake ɗaukarta a mota, a dawo da ita da goro da turare.

Sai zamani ya juya. Soja suka koma bariki, 'yan takara suka fara zuwa da taransifoma a bayan mota duk lokacin da zaɓe ya ƙarato, wutar lantarki ta shiga unguwannin da ba ta taɓa leƙawa ba. Wutar kuwa ba ta da tsayayyen hali. Yau ƙwan fitila ya yi ja kamar garwashi, gobe ta zo da ƙarfin da zai fasa shi. Dole duk uban amaryar da ya sayi talabijin da bidiyo ko firji ya haɗa da sitabilaiza, na'urar nan mai nauyi da ke daidaita ƙarfin wuta. A shekarun ne kuma aka ƙaddamar da Shari'a, aka rage kiɗa da rawa a biki, aka koma walima. Ba ni da ta cewa a kan wannan. Abin da na gani shi ne, gasar da mata ke yi a filin rawa ba ta mutu ba, ɗakin amarya ta koma.

A nan aka tsiro da wata al'ada: ba a fitar da sitabilaiza daga kwalinta. Sai a fasa kwalin ta baya a ziro waya, a bar ta ciki da ledarta da farin soson nan da ake tallafe ta da shi, don 'yan ganin ɗaki su shaida sabuwa ce fil, ba ta hannu uban yarinya ya sayo ba. A ɗora mata saƙa mai tuntu, a tura ta tsakanin gado da labule, a kan kafet. Gwaggo ta yi wannan da hannunta ba sau ɗaya ba, kuma saƙarta ta fi ta kowa kyau.

Cikin ɗakunan da ta jera haka har da na 'yar maƙwabtanmu, waɗanda katanga ɗaya ta raba mu. Bayan yarinyar ta haihu, wata rana da azahar tana wanki a tsakar gida, jaririnta na barci a kan gado, aka kawo wuta. Ɗagowar da za ta yi sai ga hayaƙi ta taga. Ta faɗa ɗakin ta fito da ɗanta lafiya, amma labule mai ci da wuta ya faɗo mata a hannun dama, ya narke ya manne da fata. Ɗakin kuwa ƙurmus.

Washegari muka je jaje. Masu cewa ƙaddara na yi, masu cewa baki ne ya kama ɗakin saboda kyansa na yi, har da masu raɗar sammu. Gwaggo ba ta zauna ba. Ta tattare zanenta, ta ɗauki sanda ta shiga cikin tokar, tana bin baƙin da ke jikin bango tana neman inda ya fi yin ƙasa. A kusurwar gado ta tsaya, ta tona, ta ɗago wani dunƙulen ƙarfe da waya ta naɗe shi. Cikin sitabilaizar ke nan, shi kaɗai ya rage.

Surukin yarinyar, dattijo ne mai mutunci, ya leƙo ya ce, "Hajiya, fito daga tokar nan. Abin da Allah ya rubuta ya riga ya faru."

"Malam, na yarda da rubutun Allah kamar yadda ka yarda," in ji ta. "Amma kwalin nan ba daga sama ya faɗo ba. Ni na ajiye shi a nan. Ni na ɗora masa saƙa."

Ba wanda ya tuhume ta, ita ta tuhumi kanta, a gaban mutane, ba ta kuma yi kuka ba. Daga ranar kullum sai ta je ta wanke wa yarinyar ƙuna ta sa magani, har fata ta rufe. Da aka gyara ɗakin, kwallayenta na aure da ta adana tun tana amarya ta kwashe ta jera mata, ta bar wa kanta kwanon ci da na sha. Yarinyar nan ita ce matar da ta zauna gefen rijiya ranar makoki.

Bayan gobarar Gwaggo ta sami mahaifina a rumfarsa. Autansu ne, kuma har ya yi furfura ba ta daina tuna masa ba.

"Kai Auta, adaka za ka ƙera min, 'yar ƙarama, wadda abin wutar nan zai zauna a ciki. In ya ga damar kamawa ya kama shi kaɗai."

Baba ya ƙera mata yadda ta ce, a rufe ruf, ko iska ba ta shiga. Ta kai ɗakin wata amarya tana taƙama. Ba a jima ba zafi ya dafa sitabilaizar a ciki ta mutu murus, uban amaryar ya zo ƙofar gidanmu yana faɗa har unguwa ta taru. Wata da tuni ta tuba ta koma kan saƙarta. Gwaggo ta sayar da akuyarta ta maye masa da sabuwa, ta ɗauki matacciyar a ka, ta nufi kasuwa wajen mai gyaran rediyo. Ta zauna a kan bencinsa cikin maza, ta ce ba za ta tashi ba sai ya buɗe ya nuna mata abin da ke zafi a ciki da dalilin da ya sa yake zafi. Mutumin kirki ne, ya ajiye aikinsa ya nuna mata. Ya ce abin nan numfashi yake yi, in aka toshe shi ya mutu, in aka lulluɓe shi da abin da wuta ke ci ya tafi da ɗaki. Ya ce mai jikin ƙarfe ta zo da gidanta, ba ta son komai sai a fitar da ita daga kwali a ba ta fili. Matsalar tana ga masu jikin roba, da soket ɗin nan mai baki da yawa da ake jona komai a kai. Shi ya kuma gaya mata roba ba iri ɗaya ba ce: wata in wuta ta taɓa ta aka janye sai ta mutu da kanta, wata kuwa sai ta riƙe wutar tana ɗiga.

Ta dawo ta tsare Baba, suka yi ta ƙera suna rushewa suna faɗa, har akwatin ya zama yadda Rano ta san shi. Ƙasansa a rufe, ba huda ko ɗaya, don in abu ya narke kada ya sami hanyar ɗigowa kan kafet. An ɗaga shi a kan gajerun ƙafafu. A gefe an tsattsaga shi siri-siri, kowace tsaga da ɗan rufinta a karkace, iska ta shiga ta fita amma harshen wuta bai sami miƙaƙƙiyar hanya ba. Inda waya ke bi an naɗe bakin da roba mai kauri don kada ƙarfe ya yanke ta. Fenti da furanni kuwa aikinta ne, da irin zanen da take yi wa amare da lalle. Ta ce tunda an hana abin saƙa, ba za a bar shi tsirara ba.

Daga nan jeren Gwaggo ya zama yaƙi. Tana shiga ɗaki, kafin ta kalli kwano ko gado, sai ta ce, "Ina abin wutar?" Ta zare shi daga kwali, ta yi fatali da leda da soso, ta janye shi daga labule. In mai jikin ƙarfe ne ta ɗora shi a kan bulo, in na roba ne ya shiga akwati. Duk wadda ta yi gardama tambaya ɗaya take yi mata: "Ke garwashin turarenki a kasko kike zuba shi ko a kwali?" In aka ce ai wannan ba garwashi ba ne, sai ta kamo hannun mai maganar ta ɗora a jikin na'urar da ta jima tana aiki, ta riƙe har sai an ce wayyo.

Kada a ce ba ta da tausayi. Akwai uwar amaryar da ta biyo ta har gida tana kuka, ta ce mijinta da ƙyar ya haɗa ya sayi sabuwa, yanzu in ba kwali dangin ango za su ce ta hannu ce. Gwaggo ta dube ta, ta ce, "Share hawayenki. Kwali kike so a gani? Za a gan shi." Ta koma ɗakin ta ɗauki kwalin ba komai a ciki, ta goge shi, ta ɗora shi can saman kabad, hoton yana kallon ƙofa, ta yafa masa saƙar a kai. Duk wanda ya shigo da shi yake fara yin ido huɗu. Har yau in kin shiga wasu ɗakuna a Rano kika ga kwali a saman kabad da saƙa a kansa, daga nan ya samo asali, ko masu ɗakin ba su sani ba.

Sunan Mai Ashana kuwa a kasuwa ta same shi. A bakin zanenta kullum akwai ƙulli, ashana ce da reza. In iyayen amarya suka roƙe ta ta raka su sayayya, sai ta ɗauki soket ta juya bayansa, ta ɗan kankaro roba kamar ƙwayar shinkafa, ta riƙe a bakin reza ta ƙyasta. In ta janye ashanar wutar ta mutu, a saya. In ta ci gaba da ci tana ɗiga da baƙin hayaƙi, ta ajiye masa kayansa.

Wata rana muna tare wani mai shago ya yi tsalle ya dire gabanta. "Haba Hajiya! Kayan nawa za ki fafe? Wa zai saya yanzu?"

"Ɗan nan, a bayansa na kankara, ba mai gani. Kuma da na bar maka shi a haka ma ni ba zan bari a saya ba. Dubi yadda yake ci."

"To ni na ƙera shi? Yadda aka kawo min haka nake sayarwa!"

"Na sani ba kai ka ƙera ba. Amma a ɗakin matarka wanne ka jona, wannan ko wancan mai nauyin da ka ɓoye a ƙasan kanta?"

Mutane suka kwashe da dariya, shi kuma ya rantse in ta sake taka shagonsa sai ya kai ta gaban alƙali. Ta ce ya sa rana, za ta zo da ashanarta a gwada a gaban alƙalin. Bai kai ta ba, amma bai sake gaishe ta ba, sai ranar jana'izarta na hango shi cikin masu ɗaukar makara.

Abin ya ci mata, ba zan ɓoye ba. Motar da ke zuwa ɗaukarta ta ragu. Aka koma yin jere a ɓoye kada ta ji, ita kuwa washegari sai ta yafa mayafi ta tafi ganin ɗaki ba gayyata, ta fito ana zaginta a ciki. Na taɓa ce mata, "Gwaggo, ki bari mana. Ba mai gode miki." Ta ce, "Ke 'yar nan, wa zai gode min? Wadda ɗakinta bai ƙone ba ai ba ta san an yi komai ba. Haka nake so." Ita haka take so. Ni ban so ba, kuma har yau ban so ba. Wanda ya kashe gobara da bokiti ana ba da labarinsa shekara da shekaru, wadda ta hana ta tashi kuma sai a ce mata mafaɗaciya. Nima a ɗakina akwai akwatinta tun ranar jerena, zan zo kansa.

Da tsufa ya zo wayar salula ta cika gari, sai ta koma kan caja. In ta kai ziyara hannunta na ƙarƙashin matashin mutane, ta zaro waya a jone da zafi, ta ɗora a kan faranti. Jikarta, 'yar Yaya, ita ce abokiyar tsokanarta. Takan ce, "Tsohuwa, ranar jerena kulle ki zan sa a yi a ɗaki." Gwaggo ta ce, "Kulle ni, yarinya. Ta taga zan fito." Da aka sa rana ta aika wa Baba ya ƙera akwati, aka kawo mata har gado. Hannu na rawa ta zana furannin, na ƙarshen ma bai rufe ba. Ranar da muka yi mata wanka na kwance bakin zanenta na sami ƙullin nan, ashana da reza. Ban nuna wa kowa ba, na sa a jakata.

Arba'in ta wuce, biki ya zo. A Rurum gidan angon yake. Uwa ba ta zuwa jeren 'yarta, don haka matar Yaya ƙanwarta ta tura da saƙon kada akwatin ya shiga ɗakin, aka kuma tsara mota ta tashi ba a gaya min lokaci ba. Sun manta abu ɗaya. Yaya wana ne, 'yarsa kuwa tun tana koyon magana Gwaggo take ce min. Jere kuma na gwaggonni ne, ba mai hana ni shiga. Na ɗauki shatar ɗan acaɓa, na ɗaure akwati biyu a baya, na bi su.

Na tarar an yi nisa, har da babbar 'yata cikin masu aikin, da yake a gidan biki ta kwana. Ɗaki ya yi kyau, ba ƙarya. A kusurwa, tsakanin gado da labule, ga kwali a kan sabon kafet, an fasa bayansa waya ta fito, an ɗora masa saƙa ruwan hoda. A gefensa ga soket an jona masa komai, an tura shi ƙasan labulen. Na ji bakina ya buɗe da kansa.

"Ina abin wutar?"

Ƙanwar matar Yaya ta sauko daga kan kujerar da take tsaye tana ɗaura labule. Ba da rashin kunya ta yi magana ba, in faɗi gaskiya.

"Don girman Allah ki yi haƙuri. Dangin mijin nan rabinsu a birni suke. In suka shigo suka ga akwatin maƙera a ɗakin amarya, yarinyar nan za a yi wa dariya, ba mu ba. Hajiya ta yi zamaninta, Allah ya jiƙanta. A bar yarinya ta shiga ɗakinta kamar kowa."

"Na ji ki," na ce. "Dariya da ciwo, na sani. Matso ki ga wani abu."

Na kwance ɗaya akwatin, ba sabon ba, nawa, wanda fentinsa ya koɗe. Na dire shi a tsakiyar kafet na buɗe murfin. Ƙauri ya tashi, har yau bai bar shi ba. Cikinsa baƙi ƙirin. Sitabilaizar roba da soket sun narke sun haɗe sun kwanta a ƙasansa kamar ƙanzon tukunya, wayoyi sun fito tsirara.

"Wannan a ɗakina ya faru," na ce musu. "Da rana tsaka, ina makaranta wajen aiki. Yarana biyu na barci a tabarma, kansu bai fi taku ɗaya da akwatin nan ba. Na dawo na ji ƙauri, na buɗe na ga wannan. Tabarmar ko babbakewa ba ta yi ba, su kuwa ko farkawa ba su yi ba. Babbar ga ta can tana jera muku kofuna."

Duk suka juya suka kalli 'yata. Ita ma ba ta taɓa ji ba, ta tsaya da kofi a hannu.

"Ba ku taɓa jin labarin ba, ko? Ba za ku ji ba, don ba a yi gobara ba. Da na kai wa Gwaggo, cewa kawai ta yi in karɓo wani wajen Baba. Ni na ƙi wanke wannan."

Can sai na ji motsi daga bakin ƙofa. Matar nan ce ta gefen rijiya, ashe tana cikin 'yan jeren. Ta sauke mayafinta, abin da ban taɓa ganin ta yi cikin taro ba, ta wuce kusurwar gado, ta sa hannun nan mai tabo ta ɗage saƙar daga kan kwalin ta miƙo min.

Ƙanwar matar Yaya ta zauna a bakin gado. Da ta ɗago sai ta ce, a hankali, "To ko saƙar ce a yafa wa akwatin, don ya ɗan rufu."

"A'a. Saƙa na da wajenta."

Na zare na'urar daga kwali, na fitar da leda da soso waje. Na goge kwalin na ɗora shi saman kabad, hoton na kallon ƙofa, na yafa masa saƙar ruwan hoda, ta kuwa zauna ɗas. Na sa na'urar cikin sabon akwatin, na jawo shi nesa da labule, na juya shi yadda furen da bai rufe ba zai kalli gadon jikarta. Saura soket. Na buɗe jakata na kwance ƙullin, na kankaro ɗan bayansa a bakin reza. Hawaye na zuba, ban damu in share ba. Na ƙyasta, na kara, na janye. Robar ta riƙe wutar, ta fara ɗiga da baƙin hayaƙi.

"Wannan ba zai kwana a ɗakin nan ba," na ce. "A aika kasuwa a canzo. In mai shagon ya yi gardama a ce ina zuwa."

Wata daga baya ta ce, "La ilaha illallahu! Mai Ashana ta dawo."

Wasu suka yi dariya. Ban sani ba ko da zagi ta faɗa ko da wasa, ban kuma tambaya ba. Na juya na dube ta na ce, "Na'am."

Allah ka jiƙan Gwaggo, ka yalwata mata makwancinta, ka sanyaya shi. Ta ƙare rayuwarta tana tsare ɗakunan bayinka daga wuta, suna zaginta tana komawa. Ka tsare ta daga taka. Halinta na gari ya bi ta, na faɗa da ƙarfi, wanda bai faɗa ranar makoki ba ya ji. Ashanarta kuwa tana bakin zanena, kuma na ji an sa ranar wata yarinya a Kibiya bayan Sallah.